Jirgin Ruwan Da Ya Sauya Hanyar Fataken Kano Da Mahajjata

Wanda ya shiga kasuwar Kurmi ya ga huhunan goro jibge, da wuya ya kawo a ransa cewa wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa na da hannu cikin tarihinsu, alhali tsakanin Kano da bakin teku tafiya ce mai nisan gaske.

A cikin shekarar 1852 wani Bature mai suna Macgregor Laird ya kafa kamfanin African Steamship Company, bayan da gwamnatin Ingila ta ba shi kwangilar ɗaukar wasiƙu zuwa Afirka ta Yamma. Jirginsa na farko shi ne Forerunner, wanda ke tafiya da ƙarfin tururi, ana hura masa wuta da kwal. Yakan bi gaɓar teku yana yada zango a Saliyo da Ankara da Ikko, yana saukar da fasinja da kaya, yana ɗaukar wasu. Bai yi tsawon rai ba, domin a 1854 ya daki dutse kusa da tsibirin Madira ya nutse, aka yi hasarar rayuka. Amma hanyar da ya buɗe ba ta toshe ba. Daga baya jiragen kamfanin Elder Dempster suka gaje ta.

A wancan zamani fataken Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, a ƙasa suke zuwa Gwanja. Madugu na gaba, jakuna na biye, a yi watanni ana fama da 'yan fashi da kuɗin fito kafin a isa Salaga, ga shi goro ba ya jure wahalar hanya. To, Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka fara gane amfanin jirgin ruwa. Ya riƙa ɗora goro daga Ankara zuwa Ikko ta teku. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, ayarin jakuna kuwa ya yi ta ja da baya har ya zama labari.

Haka kuma al'amarin ya shafi aikin hajji. A da, maniyyaci yakan yi sallama da iyalinsa kamar mai barin wasiyya, ya bi ta Barno da Chadi da Sudan, wani ya shekara bakwai bai komo ba, wani kuwa can kabarinsa yake. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shiga jirgin ruwa a Ikko, ya biya ta Ingila, sa'an nan ya wuce Jidda ya sauke farali, ya komo ƙasarsa lafiya. Sai a shekarun 1950 jirgin sama daga Kano ya fara karɓe wannan aiki.

Ya kai ɗan'uwa, ko kana kasuwa ko kana ofis, ga abin lura. Magabatanmu ba su ƙi sabon abu don baƙo ne ya zo da shi ba. Sun auna shi da ma'aunin halal da amfani, suka hau shi don neman abinci da bautar Ubangiji, ba su kuwa bar amanarsu a bakin teku ba. Wanda ya tsaya kan jakinsa, kasuwa ta wuce shi. Wanda kuma ya hau jirgi ya jefar da gaskiya, hasararsa ta fi girma.

Allah Ya jiƙan magabata, mu kuma Ya sa mu dace, amin.