Wa Ya Tsara Tambayar?

A shekarun 1960, mazauna wani gidan kula da nakasassu mai suna Le Court, a yankin Hampshire na Ingila, sun shiga takun-saƙa da masu gudanar da gidan. Abin da suke nema bai taka kara ya karya ba: su zaɓi lokacin kwanciyarsu, su fita idan sun ga dama, a kuma sa su cikin masu yanke shawara. Sai suka nemi masana daga Cibiyar Tavistock ta Landan, a zatonsu ilimi zai tsaya musu. Eric Miller da Geraldine Gwynne suka yi binciken, littafinsu ya fito a 1972. Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Masanan sun ɗauki mazauna irin waɗannan gidaje a matsayin mutanen da al'umma ta riga ta binne da ransu, aikin gidan kuma shi ne ya lallaɓa su har ajali ya zo. Paul Hunt, wanda ya zauna a Le Court, ya rubuta martani mai zafi da aka buga a 1981, bayan rasuwarsa, inda ya zargi masanan da cin abinci da wahalar nakasassu.

Daga irin wannan takaici ne aka fara kiran a daina yin bincike a kan mutane, a riƙa yi tare da su: su sa baki wajen zaɓen abin da za a bincika, su tsara tambayoyi, su yi hira da 'yan'uwansu, su kuma zauna a fassara sakamako da su.

Wani zai ce ai wannan kara ce kawai ake yi wa masu rauni. Abin ya wuce nan. Akwai wani magani na ciwon damuwa mai tsanani da ake yi ta hanyar tura wutar lantarki a ƙwaƙwalwa. Takardar bayani ta kwalejin likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta taɓa cewa sama da takwas cikin goma na waɗanda aka yi wa suna samun sauƙi. A 2003 Diana Rose da abokan aikinta na sashen SURE a Landan, wanda masu fama da lalurar ƙwaƙwalwa da kansu suke bincike a cikinsa, suka sake duba nazarce-nazarcen da aka yi. Sun gano cewa idan likitan da ya yi maganin ne ya yi tambaya, jim kaɗan bayan an gama, da gajerun tambayoyi, sai mara lafiya ya ce ya gamsu. Idan kuwa ɗan'uwansa mai irin lalurar ne ya tambaye shi daga baya, sai magana ta canza. Aƙalla ɗaya cikin uku na marasa lafiyar sun yi kukan mantuwa mai ɗorewa. Wa zai dubi idon likitansa, yana kwance a gadon asibiti, ya ce bai ji daɗi ba? Rose da abokin aikinta Pete Fleischmann an taɓa yi musu wannan magani, shi ya sa suka san inda za su taɓa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai tun da a 1996 gwamnatin Birtaniya ta kafa wata ƙungiya don sa jama'a cikin bincike, wadda daga baya aka sani da INVOLVE, har masu ba da kuɗin bincike suka fara tambayar yadda aka sa jama'a cikin aiki, wata sabuwar dabara ta ɓullo. A gama tsara komai, sannan a gayyato mutum ɗaya ko biyu su sha shayi a taro, a rubuta sunansu a rahoto. Wannan cika-shara'a ce. Masanin yana karɓar albashi, abokin aikin nasa kuwa kuɗin mota kawai ake ba shi, wani ma yana tsoron karɓar ladan aikin don kada a yanke masa tallafin da gwamnati ke ba shi.