Dokar Bashi: A Auna Da Mudu Ɗaya Daga Gusau Har Tsafe Da Bunguɗu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, ku sani aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani mai girma, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Ta yi umurni a rubuta bashi da ajalinsa bisa adalci, a kuma kafa shaidu. Amma rubutu ba ya hana zalunci sai da mai tsaro. Don haka ne Imam Mawardi, cikin Ahkamus Sulɗaniyya, ya sa duba mudu da sikeli da hana mawadaci taurin bashi cikin aikin muhtasibi.

To, a yau masu ba da rance kashi uku ne, kowanne da mai tsaronsa. Bankuna manya da ƙanana Babban Bankin Nijeriya ke ba su lasisi. Ya kafa sashen kare masu hulɗa da bankuna a 2012, ya kuma fitar da ƙa'idoji a 2019 waɗanda suka wajabta bayyana sharuɗɗan rance duka kafin a sa hannu. Masu ba da rance ta wayar hannu kuwa, hukumar tarayya mai kare masu saye, FCCPC, ta wajabta musu rajista a 2022, bayan kuka ya yi yawa cewa suna aika saƙon tozarci ga dangin wanda ya ci bashinsu. Na uku su ne masu ba da rance na cikin gari, waɗanda ke ƙarƙashin dokokin jihohi.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ma'aikacin gwamnati a Gusau, in an zaftare masa albashi fiye da alkawari, reshen Babban Banki yana kusa da shi. Amma ɗan kasuwar Tsafe ko na Bunguɗu, wace ƙofa zai buga cikin ukun nan? Alhali kuwa tun 1 ga Agusta, 2020, Babban Banki ya ba bankuna izinin ɗebo bashin da aka kasa biya daga kowane asusu na mutum, a kowane banki, ta lambar BVN. Watau hannun mai bin bashi ya kai ko'ina, kunnen mai sauraron ƙara bai kai ba. Wannan ba adalci ba ne.

Akwai abin lura a Amurka. An raba babban bankinsu shiyya 12 tun dokar 1913, kowace shiyya tana binciken bankunan da ke ƙarƙashinta, amma dokar 1968 ta bayyana ainihin kuɗin rance ɗaya ce a kansu duka.

Saboda haka ya kamata reshen Gusau ya riƙa tura jami'ansa ƙananan hukumomi ranakun kasuwa, su karɓi ƙara da Hausa. Kuma shi da FCCPC da gwamnatin jiha su riƙe littafi ɗaya na sunayen waɗanda aka kama da zamba, yadda wanda aka hana a Gusau ba zai buɗe shago a Tsafe ba. Hukumar Hisba ta jiha kuma ta nuna wa talaka ƙofar da ta dace.

Kai kuma mai karɓar rance, kada ka sa hannu sai ka san jimillar abin da za ka biya, ka kuma riƙe takardarka. In an cuce ka, ka fara kai ƙara bankin a rubuce. In mako biyu ya wuce shiru, ka nufi Babban Banki.

Sai dai a kula, doka ba ta halatta riba, domin Allah Ya haramta ta. Tun 2012 da Jaiz ya buɗe, akwai bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa, amma shi ma a karanta sharuɗɗansa.

Allah Ya yaye mana ƙangin bashi, Ya ba shugabanninmu ikon tsayar da adalci. Wassalamu alaikum.