Gargaɗi ga Mutanen Ƙofar Guga: A Kai Labari Inda Zai Yi Amfani

Jama'ar Ƙofar Guga da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, iyayenmu limamai da masu unguwanni, 'yan kasuwa, direbobi, masu kurkura da 'yan acaba, da iyayenmu mata da ke cikin gida, a karanta wannan da kyau. Wanda ya karanta kuma ya faɗa wa wanda bai samu karantawa ba.

Tun farko bari in toshe wata kafa. Wannan takarda ba sanarwar wani hari da ke tafe ba ce, don haka kada wani ya yanki rabinta ya watsa a WhatsApp ya tayar wa mutane da hankali. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani giɓi da ke tsakanin idon da ya ga abu da kunnen da zai iya yin wani abu a kai. Ta wannan giɓi aka sha shigo mana a jihar nan, kuma har yau yana nan a buɗe.

Kakanninmu da suka gina ganuwar Katsina ba su dogara da tsayin katanga kaɗai ba. Kowace ƙofa tana da mai tsaronta, ana rufe ta idan dare ya yi. Baƙo kuwa ba ya kwana a gari sai an san gidan da ya sauka. Mai masauki ya sanar da mai unguwa, mai unguwa ya kai gaba, magana ta bi hawa-hawa har ta isa fada. Ba su da waya, amma labarin baƙon da ya shigo da la'asar yakan riga shi kwana. Yau ganuwar ta zaizaye, gari ya tsallake ta ya bazu, kowa na da waya a aljihu, amma mutum zai kama haya a bayan gidanka ya shekara ba ka san sunansa ba, balle sana'arsa.

Hukumomi kuwa ba mu da ƙarancinsu. A cikin Katsina akwai rundunar 'yan sanda, akwai Birged ta 17 ta sojan ƙasa, akwai sojan sama, akwai jami'an farin kaya na DSS, akwai Sibil Difens, ga kwastan da jami'an shige da fice saboda iyakarmu da Nijar, ga hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Bayan Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya hau mulki a 2023, ya kafa ma'aikata ta musamman don tsaron cikin gida, sannan a watan Oktoban 2023 ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma da muke kira C-Watch, matasa kusan dubu ɗaya da ɗari biyar a zubin farko, waɗanda aka ɗebo daga garuruwan da abin ya fi shafa don sun san daji, sun san mutane. Ƙara da 'yan banga da 'yan sintirin unguwa. A ɓangaren agaji kuma akwai NEMA ta tarayya, da SEMA ta jiha, da 'yan kwana-kwana. Kowanne a cikinsu na da ofis da shugaba da hanyar da yake kai rahotonsa sama. Mafi yawansu ma umarninsu daga Abuja yake zuwa, ba daga gidan gwamnati ba. To a nan gizo ke saƙa: abin da wannan ya sani da safe, yaushe zai kai ga wancan, kuma wa zai tashi da shi?

Tarihin ƙasar nan ya nuna cewa sau da yawa labari yakan zo, sai dai ya mutu a hanya. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilun 2014, ƙungiyar Amnesty ta ce an sanar da sojoji sa'o'i huɗu kafin a kai harin. Bayan fasa gidan yarin Kuje ranar 5 ga Yulin 2022, mataimakin kakakin majalisar wakilai na lokacin, Idris Wase, ya faɗa a zauren majalisa cewa DSS ta riga ta aika da rahotanni da dama na gargaɗi. A watan Nuwambar 2025 da aka ɗauke 'yan mata 25 a makarantar Maga ta jihar Kebbi, Gwamna Nasir Idris da bakinsa ya ce sun samu bayanan sirri, an kai sojoji, amma suka janye cikin dare, ba a cika awa ɗaya ba maharan suka iso. Ko Amurka da duk ƙarfinta ta sha wannan ɗaci. Kwamitin da ya binciki harin 11 ga Satumbar 2001 ya gano cewa hukumomin leƙen asirinsu kowacce ta riƙe guntun labari ta ƙi nuna wa 'yar'uwarta, har aka rasa rayuka kusan dubu uku. Sai bayan harin suka kafa ma'aikatar tsaron cikin gida a 2002, suka buɗe cibiyoyi a jihohinsu inda ɗan sanda da ɗan kwana-kwana da jami'in sirri ke zama ɗaki ɗaya suna haɗa abin da kowa ya ji. Su ihunsu bayan hari ya haifar da gyara. Namu yakan tsaya a ta'aziyya da kafa kwamiti.

Mu a nan ba sai an ba mu labarin nesa ba. Ranar 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara sama da ɗari uku, a daidai lokacin da Shugaba Buhari ke hutu a Daura. A ranar da aka fasa Kuje, a ranar ce aka buɗe wa ayarin motocin fadar shugaban ƙasa wuta kusa da Dutsin-Ma. A watan Fabrairun 2025 aka shiga garin Tsiga aka ɗauki janar mai ritaya, Maharazu Tsiga, tsohon shugaban hukumar masu yi wa ƙasa hidima, ya kusa wata biyu a hannunsu. A watan Agustan 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a Unguwar Mantau ta Malumfashi. Baburan maharan nan ba sa tashi sama, ƙasa suke bi, ta gonakin mutane da bayan ƙauyuka. Akwai idon da yakan gan su.

Na san abin da ɗan cikin birni zai ce: ai wannan matsalar Batsari ce da Safana da Ɗanmusa da Faskari, mu muna cikin ganuwa. Ɗan'uwa, daga nan zuwa Jibiya bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba, daga can kuma sai iyaka, sai Maraɗi. Sannan ka tambayi kanka, ɓarawon daji a daji yake haƙo man fetur? A daji yake gasa burodi, ko yake buga katin waya da ƙwayar da yake sha? Duk daga gari suke fita. Shi ya sa a 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da mai a jarka, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, har aka katse layin waya a ƙananan hukumomi goma sha uku. Talaka ya sha wuyar wannan mataki ƙwarai, amma dalilinsa a fili yake: da ɗan gari akan ci gari. Infoma ba ya yawo da bindiga. Yana iya zama wanda kuke shan shayi tare, yana sauraren wa ya sayar da gona, wa aka turo wa kuɗi, wa zai yi tafiya gobe. Sulhun da wasu ƙananan hukumomi suka yi a 2025 ya sa an ɗan sarara a wasu wurare, Allah Ya ɗorar, amma bai kamata ya sa mu barci da ƙofa a buɗe ba.

Saboda haka, duk mai gidan haya, kada ka ba da makulli sai ka san mutum, ka san wanda ya tsaya masa, ka kuma kai shi gaban mai unguwa. Kuɗin shekara biyu da aka dire maka a dunƙule ba hujja ba ne na rufe ido. Dillalan gidaje, wannan magana ta fi shafar ku. Mai shago da ya ga ana sayen kaya da yawan da ya wuce na gida ɗaya, ana ɗaurawa a babur ana fita gari da magariba, ya lura. Mai POS da ya ga yaron da ba ya da sana'a yana cire maƙudan kuɗi, ya lura. Kangon da ba kowa amma ake ganin haske a cikinsa da dare, a faɗa.

Kai labari ma yana da ƙa'ida. "An ce sun taho" ba labari ba ne, tayar da hankali ne. Jami'in da ka kira yana son ya ji me ka gani da idonka, a ina, da ƙarfe nawa, mutum nawa, da me suke tafe, ina suka nufa. Abin da ka ji a bakin wani, ka ce ji ka yi. Akwai lambar gaggawa ta ƙasa, 112, kyauta ce ko ba kuɗi a wayarka, kuma tun 2019 aka buɗe cibiyarta a nan Katsina don ta riƙa miƙa kira ga 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko motar asibiti. Kada yara su mai da ta abin wasa. Bayan ita, kowane magidanci ya ajiye lambar mai unguwarsa, da ta DPO na yankinsa, da ta shugaban 'yan sintiri, a waya da kuma a takarda, don wayar da caji ya ƙare ba ta tuna lambar kowa. Na taɓa zama a wata majalisa da dare aka ji ƙara kamar ta bindiga. Cikin minti biyar magana ta cika zaurukan WhatsApp, har wani na cewa an shigo gari, amma a cikinmu goma sha wani abu babu wanda ke da lambar jami'i ko ɗaya. Allah Ya taimake mu tayar mota ce ta fashe.

Akwai kuma haɗarin da ya fi shiru muni, shi ne ɗaukar doka a hannu. Gari cike yake da 'yan'uwanmu da aka koro daga ƙauyukansu, mata da yara da tsofaffi, suna raɓe a kangwaye da gidajen dangi. Akwai Fulani da ke kawo nono da dabbobi tun kaka da kakanni. Baƙuwar fuska ba laifi ba ce. Mun ga yadda aka ƙone mafarauta goma sha shida 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 saboda zargi kawai, muka yi kuka muka yi Allah wadai. Kada mu yi wa wani abin da aka yi mana. Wanda ake zargi a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Kuma kada a bar ƙauraye su fake da sunan sintiri suna tare mutane suna ƙwace waya.

Yanzu ga ku, ranku ya daɗe, shugabannin hukumomin tsaro. Mutane ba don rashin kishi suke kame baki ba, tsoro suke ji. Kowa ya taɓa jin labarin wanda ya kai rahoto da rana, da dare aka kira shi a waya ana maimaita masa abin da ya faɗa. Ko labarin gaskiya ne ko ƙari ne, ya riga ya zauna a zukata, kuma ku kaɗai za ku iya kankare shi. A ɓoye sunan mai kawo bayani. Kada a mai da shi wanda ake tuhuma, kada a ce ya kawo kuɗin mai. Idan an kama mutum da hujja, kada jibi a gan shi a majalisa yana neman wanda ya tona shi. Sannan abin da C-Watch suka ji a ƙauye ya isa teburin 'yan sanda da soja a daren, kada a jira taron tsaro na wata. Gasar wa zai fara kai wa gwamna labari, ko wa za a yaba wa a rediyo, rayukan talakawa ake biyan kuɗinta da su. A kuma riƙa komowa ana gaya wa mai unguwa abin da aka yi da rahotonsa, domin wanda ya kai magana sau uku bai ga motsi ba, ba zai kai ta huɗu ba.

Gaggawa kuma ba ta bindiga kaɗai ba ce. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 cikin dare ta zo, ta ci sama da mutum arba'in. Gobarar babbar kasuwar Katsina ta watan Maris na 2021 ta laƙume dukiya mai yawa. A Majiya ta jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, sama da mutum ɗari da hamsin suka ƙone wajen kwasar man tankar da ta faɗi. In tanka ta faɗi, gudu ake yi, a kori yara, a kira hukuma. Hukumar hasashen yanayi takan fitar da gargaɗinta tun kafin damina, amma gargaɗin da ya tsaya a ofis bai taɓa yashe kwata ba. Ku dubi lungunanmu: wanda aka ci da gini da rumfa har motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba, a gyara shi tun yanzu. Masu makarantun boko da na Islamiyya da na allo, kowanne ya san ta inda zai fitar da yara in abu ya taso, da inda iyaye za su same su.

Ina roƙon masu unguwanninmu da limamai, kada Juma'a mai zuwa ta wuce ba a zauna ba. A gayyato DPO, da wakilin C-Watch, da na Sibil Difens, da na 'yan kwana-kwana, su tsaya gaban jama'a su faɗi lambar da ake ɗauka da ƙarfe biyun dare. A zaɓi amintattu uku ko huɗu a kowane layi, har da mace, domin mata sun fi mu sanin abin da ke shiga gidaje. A rubuta lambobin da manyan baƙi a liƙa a ƙofar masallaci da shagon mai shayi, kowane gida kuma a ba shi kwafi.