Filogin Ya Shiga, Amma Kama Da Wane Ba Ta Wane

Duk wanda ya saba jin kiɗan cocin baƙaƙen Amurka ko na jaz ya san wannan sauti na ogan mai kaɗawa, kamar muryar mawaƙi tana rawa a maƙogwaro. Ba daga ogan ɗin yake fitowa ba. Aikin wani akwatin katako ne da ake girkewa a gefe, wanda Donald Leslie ya fara sayarwa a 1941, shekara shida bayan Laurens Hammond ya fito da ogansa na lantarki a 1935. Hammond bai ƙaunaci akwatin ba, har ya hana dillalansa sayar da shi. Makaɗa dai suka yi kunnen uwar shegu.

In ka buɗe bayan akwatin, a sama za ka ga ƙaho biyu baya-da-baya suna juyawa. Ɗaya ne kawai ke fitar da sauti, ɗayan toshe yake, an sa shi ne don daidaita nauyi. A ƙasa akwai babbar sifika mai inci 15 tana kallon ƙasa, ƙarƙashinta wata ganga na juyawa tana watsa sauti mai kauri. Yadda jiniyar motar asibiti ke sauya murya in ta tunkaro ka sannan ta wuce, haka ƙahon ke yi, sai dai shi sau kusan 400 a minti ɗaya idan an sa shi gudu. Ƙahon kan ɗauki gudu nan take, ganga kuwa sai ta yi ta jan ƙafa, kuma wannan saɓanin ne daɗin abin.

To, wajen haɗawa ne ake yin ɓarna. Tsofaffin akwatunan suna amfani da filogi mai ƙafa shida, kuma wayar nan ɗaya ita ke ɗauke da sauti, da umarnin sauya gudu, da wutar lantarkin gida tsagwaronta. Shahararrun samfura biyu, 122 da 147, filoginsu iri ɗaya ne a ido, amma ƙafafun ba aiki ɗaya suke yi ba. An ƙera 122 don ogan ɗin Hammond irin su B-3, shi kuwa 147 don sauran kamfanoni. Ka cusa wayar wannan a soket ɗin wancan, sai wuta ta bi hanyar da aka tanada don sauti. In ka yi sa'a fiyus ne zai tafi. In ba ka yi ba, amfilifaya ta ƙone, ko jikin ogan ya ja mai kiɗa. A ganina wannan tsari ganganci ne tun asali. Filogi mai ƙafa 11 da ya zo daga baya ba ya ɗaukar wutar gida, akwatin na da tasa wayar daban.

Mai sayen na gwanjo yana da ƙarin aiki. Kayan Amurka na wuta 120 ne mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 230 ce mai bugu 50. Transfoma za ta rage ƙarfin wutar, amma ba ta taɓa bugun, don haka tsohon ogan ɗin Hammond zai yi ƙasa da muryarsa, ƙahon ma ya rage gudu.

Kafin ka jona komai, zare wuta, ka karanta lambar samfurin da ke bayan akwatin, ka kira mai gyara ya gwada ƙafafun filogin ɗaya bayan ɗaya da mita.