Hoto Ba Ya Buƙatar Tafinta

Yaron da aka haifa a ƙasar Zuru yakan taso da harshe fiye da ɗaya a kunnensa. A cikin gida kakarsa na yi masa magana da C'lela, ko Fakkanci, ko Dukkanci. Da ya leƙa ƙofar gida, abokan wasa da 'yan talla Hausa suke yi. Ranar da aka kai shi makaranta kuwa, da Turanci malama za ta tarbe shi. Kafin ya cika shekara shida ya riga ya san abu guda da suna biyu ko uku, sai dai bai san baƙaƙen da ake rubuta sunayen da su ba. A wannan tsakani ne littafin hotuna yake da amfanin da ya keɓanta da shi. Akuyar da aka zana a shafi akuya ce a kowane harshe, kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya ba jikanta labarinta har ya yi barci.

Da yawa daga cikin iyaye suna ganin ba a saya wa yaro littafi sai ya iya karatu, wai don kada ya yaga. Masana tarbiyya sun daɗe da gane cewa hoto ne ke jan yaro zuwa ga rubutu. Tun a 1658 wani malami a Turai mai suna Comenius ya buga Orbis Pictus, littafin da ake lissafawa cikin na farko da aka yi wa yara da hotuna, inda kowane zane ke tare da sunan abin da aka zana. Mu ma nan Arewa ba baƙon abu ba ne. Waɗanda suka yi firamare da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu sun san yadda zane ke riga kalma shiga kai. Haka kuma Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya a ƙarshen shekarun 1930: yara da yawa hoton aku ne ya fara kama idonsu kafin su iya haɗa baƙi.

Yaron da ake buɗe wa littafi tun yana ƙarami yana koyon abubuwan da babba ba ya ma lura da su. Yana gane cewa littafi yana da sama da ƙasa, labari yana da farko da ƙarshe, kuma rubutun boko daga hagu yake tashi, saɓanin na allo da ke tashi daga dama. Yana jin kalmomin da ba a faɗa a hirar yau da kullum. Yana kuma koyon zama wuri guda ya saurara, wanda shi ne jarin ɗan aji ɗaya.

To, yaya ake zaɓen littafi? Gwaji na farko a gaban mai sayarwa ake yin sa. Ka rufe rubutun da tafin hannunka, ka bi hotunan shafi bayan shafi. Idan ka iya gane wane ne ake ba da labarinsa, me ya same shi, yaya aka ƙare, littafin ya ci jarrabawa. Idan sai ka karanta kafin ka fahimta, to hotunan ado ne kawai, yaro ba zai iya bin labarin da kansa ba. A gidan da ake magana da harsuna uku wannan gwaji ya fi kowane muhimmanci, domin littafin da hotonsa ke magana ana iya karanta shi da C'lela da dare, yayar yaro ta maimaita masa da Hausa washegari, ko da da Turanci aka buga shi.

Na biyu, a duba shekaru. Ɗan ƙasa da shekara biyu komai baki yake kaiwa, don haka littafi mai kaurin shafi kamar kwali ya dace da shi, abu guda a kowane shafi, launi mai haske. Daga uku zuwa biyar yaro na son labarin da ke da jimla mai dawowa, irin yadda waƙa ke dawowa a tsakiyar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, don ya riƙa riga mai karantawa faɗa. Ɗan shida zuwa bakwai yana buƙatar manyan baƙaƙe da layi biyu ko uku a shafi. Idan na Hausa ne, a tabbata an rubuta ɓ da ɗ da ƙ da lanƙwasarsu. Littafin da bai bambanta kafa da ƙafa ba zai koya wa yaro kuskuren da malami zai sha wahalar cirewa.

Na uku, yaro ya ga duniyarsa a ciki. Ba laifi ya ga jirgin ƙasa ko dusar ƙanƙara, amma ya fara da rumbu da dawa, da mace mai goyo, da kasuwa irin tasu. A is for Africa na Ifeoma Onyefulu, wanda ya fito a 1993, hotuna ne da ta ɗauka a Najeriya. Baby Goes to Market na Atinuke, na 2017, labarin jariri ne a bayan uwarsa cikin kasuwa, kuma ana koyon ƙirga a ciki. Sannan babba ya karanta littafi tukuna kafin ya miƙa, ya ga ko ya dace da tarbiyyar gidansa, gidan Musulmi ne ko na Kirista.

Saura inda za a samu. Masu shagon littattafai sun fi ajiye na manhaja domin su ake nema, amma ɗan kasuwa abin da ake tambaya yake sarowa, sai iyaye su riƙa tambaya. Zuru gari ne na sojoji da ma'aikata da ke zaune a Kaduna, Abuja da Legas. Mai zuwa gida bikin Uhola, ko Sallah, ko Kirsimeti, a roƙe shi ya haɗa tsarabarsa da littafi biyu. Mai babbar waya kuma yana da ɗakin karatu a aljihunsa: African Storybook, wanda aka fara a Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Indiya suna da labaran yara masu hotuna da Hausa kyauta, kuma sun yarda a sauke, a buga, har a fassara. Gara a kai shagon kwamfuta a buga a takarda a ɗinke, da a bar wa yaro wayar a hannu. Malaman firamare ma a tuntuɓe su, domin shirye-shirye irin su Mu Karanta, da aka gudanar a Sakkwato da Bauchi, sun samar da kayan koyon karatu da Hausa.

Idan an dace da littafi mai kyau, kada a ɓoye shi a akwati. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce uwa ta ce wa maƙwabciyarta, "Wannan kullum sai ya sa na maimaita masa." Gida biyar da kowanne ke da littafi uku, idan suna musaya, kowane yaro ya sami goma sha biyar.

Wanda kuma bai samu ko ɗaya ba, ya yanka kwalin taliya, ya zana garma da rumbu da kaza, ya ɗinke da zare. Da yamma a zaunar da yaron kusa da kakarsa, ita ta faɗi sunan kowane abu da harshen gida, yayansa ɗan makaranta ya rubuta a ƙasa da Hausa.