Rafael Kubelík

Rafael Jeroným Kubelík (29 ga Yuni, 1914 – 11 ga Agusta, 1996) jagoran makaɗa ne kuma mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Cek. Ya shugabanci manyan ƙungiyoyin kiɗan gargajiyar Turai a biranen Prague da Chicago da Landan da Munich. Ya bar ƙasarsa a shekarar 1948 bayan 'yan kwaminisanci sun ƙwace mulki, kuma bai sake komawa ba sai a 1990, bayan shekara 42 yana gudun hijira.

Aikin jagoran makaɗa

A kiɗan gargajiyar Turai, babbar ƙungiyar makaɗa da ake kira okestira takan haɗa mutum 80 ko fiye, masu goge da masu busa da masu ganga, kowa da takardar kiɗansa a gabansa. Jagora shi ne mai haɗa kansu. A ƙungiyar makaɗan fada ta Hausa, shugaba shi ke jan waƙa, 'yan amshi su karɓa. Shi kuwa jagoran okestira ba ya rerawa, ba ya kaɗa komai a lokacin wasa. Yana tsayawa a gaban makaɗa da 'yar sanda a hannu, yana nuna musu sauri ko jinkiri, da inda za a ɗaga sauti ko a sassauta, da lokacin da kowane rukuni zai shigo. Mafi yawan aikinsa a wurin gwaji yake, kafin ranar wasa.

Haihuwa da karatu

An haifi Kubelík a ƙauyen Býchory da ke yankin Bohemia, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya da Hungari, wata ɗaya kafin ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shi ne ɗa na shida ga Jan Kubelík, shahararren mai kaɗa gogen Turawa. Mahaifiyarsa 'yar gidan sarauta ce daga Hungari.

Ya fara koyon goge a wurin mahaifinsa, sannan ya shiga makarantar koyon kiɗa ta Prague, inda ya karanci goge da tsara kiɗa da jagoranci. A 1934, yana ɗan shekara 19, ya jagoranci ƙungiyar Czech Philharmonic a karon farko. A shekarun nan yakan raka mahaifinsa ƙasashen waje yana kaɗa masa fiyano.

Zamanin mamayar Jamus

A 1939 aka naɗa shi shugaban kiɗa na gidan opera na birnin Brno. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera dukkan maganganunsa cikin waƙa. A wannan shekarar ce sojojin Hitler suka mamaye ƙasar Cek, kuma a 1941 suka rufe gidan. A 1942 ya zama babban jagoran Czech Philharmonic, muƙamin da Václav Talich ya riƙe kafinsa. A tsawon yaƙin ya ƙi jagorantar kiɗan Richard Wagner, wanda 'yan Nazi suka mai da abin taƙamarsu.

Bayan yaƙi, a 1946, yana cikin waɗanda suka kafa bikin kiɗa na Prague Spring, wanda har yau ake yi kowace shekara a watan Mayu.

Gudun hijira

A watan Fabrairun 1948 jam'iyyar kwaminisanci ta karɓe mulkin Cekoslobakiya. Bayan 'yan watanni Kubelík ya tafi Birtaniya don jagorantar opera ta Mozart mai suna Don Giovanni a bikin Edinburgh, tare da matarsa Ludmila Bertlová da ƙaramin ɗansu. Daga nan bai koma ba. Dalilinsa shi ne ya riga ya ɗanɗana mulkin kama-karya a hannun 'yan Nazi, ba zai zauna ƙarƙashin wani ba. Wannan mataki ya raba shi da ƙungiyarsa da gidansa da bikin da ya kafa. Gwamnatin Prague ta gayyace shi ya dawo daga baya, ya ƙi. A 1968, da Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka tura sojoji Cekoslobakiya, ya nemi manyan makaɗan duniya su ƙaurace wa yin wasa a ƙasashen da suka kai mamayar.

Chicago da Landan

Daga 1950 zuwa 1953 ya shugabanci Chicago Symphony Orchestra a Amurka. Zaman bai yi daɗi ba. Claudia Cassidy, mai sharhin kiɗa a jaridar Chicago Tribune, ta yi ta sukarsa, wasu kuma suka yi ƙorafin cewa yana yawan kawo sababbin kiɗe-kiɗe da jama'a ba su saba ji ba. Duk da haka faya-fayan da ya naɗa a can wa kamfanin Mercury sun yi suna saboda tsabtar sautinsu.

Daga 1955 zuwa 1958 ya zama shugaban kiɗa na Royal Opera House a Landan. A nan ya gabatar da Jenůfa ta Leoš Janáček a 1956, da Les Troyens ta Hector Berlioz a 1957. Ya bar aikin bayan sukar da wasu, ciki har da Sir Thomas Beecham, suka yi kan ba baƙi irin wannan muƙami.

Munich

Inda ya fi daɗewa shi ne ƙungiyar makaɗan gidan rediyon Bavaria da ke Munich a Jamus, daga 1961 zuwa 1979. Da ita ya naɗi simfonin Gustav Mahler wa kamfanin Deutsche Grammophon. Ya kuma naɗi simfonin Antonín Dvořák guda tara da Berlin Philharmonic, da na Beethoven guda tara, kowace da ƙungiya daban. Ya riƙe shugabancin kiɗa na Metropolitan Opera a New York daga 1973 zuwa 1974.

Matarsa ta farko ta mutu a 1961. A 1963 ya auri Elsie Morison, mawaƙiya 'yar Ostareliya, kuma a 1967 ya zama ɗan ƙasar Suwizalan. Shi ma ya tsara nasa kiɗan, ciki har da opera Veronika da aka fara nunawa a Brno a 1947. A 1985 ya yi ritaya saboda ciwon gaɓoɓi.

Komawa gida da mutuwarsa

Mulkin kwaminisanci ya faɗi a ƙarshen 1989. Ranar 12 ga Mayu, 1990, Kubelík, yana da shekara 75, ya sake tsayawa a gaban Czech Philharmonic a buɗe bikin Prague Spring, shugaban ƙasa Václav Havel yana cikin masu sauraro. Kiɗan da ya jagoranta shi ne Má vlast, wato "Ƙasata", na Bedřich Smetana, mai kashi shida, wanda ke siffanta kogin Vltava da dazuzzukan Bohemia da tarihin mutanenta. An naɗi wasan, kuma yana cikin faya-fayansa da aka fi sani. A 1991 ya sake jagorantar wannan kiɗa da ƙungiyar a Japan.

Ya mutu ranar 11 ga Agusta, 1996, a Kastanienbaum kusa da birnin Lucerne na Suwizalan, yana da shekara 82. An binne tokar gawarsa a maƙabartar Vyšehrad da ke Prague, kusa da mahaifinsa.