Katunan bashi na manyan matafiya: wanne ya cancanci kuɗinsa?

A Amurka, katuna uku ne ke kan gaba wajen zawarcin masu yawan tafiye-tafiye: Platinum na kamfanin American Express, da Sapphire Reserve na bankin Chase, da Venture X na Capital One. Dukkansu na bashi ne, wato banki ya biya wa mutum, shi kuma ya biya banki daga baya. Abin da ya bambanta su da sauran katuna shi ne kuɗi mai tsoka da ake biya duk shekara, da alfarmar da ke biyo bayansa.

A shekarar 2025, American Express ya ɗaga kuɗin Platinum daga dala 695 zuwa 895, Chase kuma ya ɗaga nasa daga 550 zuwa 795. Venture X, wanda ya fito a 2021, dala 395 ne.

Sai dai waɗannan alƙaluma ba su ne ainihin farashin ba, domin kowane kati yana mayar da wani kaso. Chase yana mayar da dala 300 a shekara daga abin da aka kashe kan tafiya. Capital One ma yana ba da 300, amma sai an sayi tikiti ko an kama otel ta shafinsa. Na American Express ya fi yawa a rubuce, sai dai an rarraba shi gutsi-gutsi: na motar Uber, alal misali, wata-wata ake bayarwa, kuma abin da ba a ci ba a watan ya tafi ke nan.

Duka ukun suna buɗe ƙofar ɗakunan hutawa na filayen jiragen sama ta tsarin Priority Pass, kuma ba sa cajin ƙari idan an yi sayayya a ƙasar waje. Platinum ya yi fice da ɗakunansa na Centurion, amma shagunan da ke karɓarsa a wajen Amurka ba su kai masu karɓar Visa ba, tsarin da sauran biyun ke kai.

Babban tarkon shi ne kuɗin ruwa, wanda kan haura kashi 20 cikin 100 a shekara ga wanda bai biya bashinsa duka a kan lokaci ba. Wannan kaɗai ya isa ya cinye duk wata riba, baya ga matsalar da yake haifarwa ga mai gudun riba ta fuskar addini.

Samun waɗannan katuna yana buƙatar tarihin biyan bashi a Amurka, don haka sun fi shafar mazauna can. Amma ma'aunin ɗaya ne ga kowane katin alfarma da banki ya tallata wa ɗan kasuwa ko ma'aikaci: a lissafa abin da lallai za a amfana da shi, a cire daga kuɗin shekara. Abin da ya rage shi ne farashin gaskiya.